Darasi: Allon wutar gidanmu zai iya ɗaukar kayan da muka ƙara?

'Yan'uwa, a ziyarar da muke yi cikin ƙauyukan ƙasar Bici, mukan roƙi maigida ya nuna mana inda wutar lantarki ta shigo gidansa. Abin da muka fi gani shi ne katako a jikin bango, da mita, da fis ɗaya na tangaran wanda ya yi baƙi. Da yawa an kafa su tun zamanin NEPA, kafin ta koma PHCN a 2005, kafin KEDCO ta karɓi rabon wuta a 2013. A lokacin ƙwan fitila huɗu ne, da rediyo, da fanka ɗaya. Yau 'ya'ya sun yi aure an ƙara ɗakuna, uwargida ta sayi firiza tana sayar da zoɓo da ƙanƙara, ga dutsen guga, ga hita, ga injin jan ruwa. Allon kuwa yana nan yadda yake.

Bari mu yi ɗan lissafi. Wutarmu bolt 230 ce. Dutsen guga yakan ci wat 1,000, hita 1,500, injin ruwa 750, firiza kamar 200. Jimla 3,450 ke nan. In muka raba da 230, mun sami amp 15. Siririyar waya mai milimita 1.5, wadda aka yi domin fitilu, ita ce za ta ɗauki wannan duka. Sai ta yi zafi.

Aikin fis shi ne ya tsinke kafin a kai nan. Amma me muke yi? In ya tsinke sau biyu, sai mu naɗa masa waya mai kauri, har mun ga inda aka sa ƙusa! Wannan kamar a ɗaure bakin kare ne don haushinsa ya hana mu barci, alhali ɓarawo yana bakin ƙofa. Mu tuna kuma gidajenmu a haɗe suke, ga darni, ga rumbu, ga kara a bushe lokacin hunturu. Gobarar gida ɗaya ta unguwa ce.

Maganin shi ne a canza allon da sabon akwati mai bireka da yawa. Fitilu su sami tasu mai amp 6 ko 10. Soket su sami waya mai milimita 2.5 da bireka mai amp 20. Injin ruwa a ba shi layinsa dabam. Kada a ƙara girman bireka a bar tsohuwar waya, wannan ma ƙusar ce a sabuwar riga. A kafa sandar jan ƙarfe cikin ƙasa a haɗa ta da allon, a sa kuma na'urar nan mai yanke wuta nan take idan ta kama mutum, mai miliamp 30. Mai janareta dole ya sa makunnin sauya layi, in ba haka ba wutarsa za ta koma kan turke ta kashe ma'aikacin da ke gyara.

Ba aikin yaron da ya iya ɗaura ƙwai ba ne. A nemi mai wayarin wanda ke da takardar shaida ta hukumar NEMSA. Mun san kuɗi ne, shi ya sa muke ba da shawarar gidaje biyar ko shida su yi adashi, a riƙa gyara ɗaya bayan ɗaya bayan kaka.

Kafin taronmu na gaba, kowa ya dubi allon gidansa, da ido kawai, ban da taɓawa. Ya ƙirga kayan wutar da ke gidan, ya rubuto mana adadin wat da ke jikin kowanne.