Amsar Tambaya: A Cire Indomin Salansa?

Wani matashi daga Samaru ya aiko da tambaya: makanikinsa a Sabon Gari ya ce a cire indomin salansar motarsa ta tsere, a taɓa kwamfutar injin, wai za ta ƙara gudu. Ya yarda?

Kada ya yarda. Tukunyar nan da ake kira indomi cike take da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe su da ƙarafa masu tsada, platinum da palladium da rhodium, waɗanda ke rage dafin hayaƙi. Tsadarsu ce ta sa 'yan gwangwan ke rububinta, kuma sau da yawa mai ba da shawarar cirewa ya san inda zai kai ta.

Ana cirewa, na'urar auna iska da ke bayanta za ta kai ƙara, fitilar injin ta kama, na'urar gwaji ta nuna P0420. Ana iya kashe fitilar ta kwamfuta, amma 'yan acaɓa da masu talla a bakin titi ne za su shaƙi gubar.

In toshewa tukunyar ta yi, ya duba fulogi da zoben fistin tukuna, don lalacewarsu kan jawo toshewar, sannan ya sa wata.