Darasi na 18: Hoton haƙorin Sani

Malam Idi mutumin Damagaram ne. Yana aikin gini a Sabha, babban birnin Fezan, a kudancin Libiya. Wata rana ɗansa Sani ya tashi da ciwon haƙori, kumatunsa ya kumbura. Malam Idi ya kai shi wurin likitan haƙori. Ƙanwarsa Halima ta bi su.

Likita ya ɗauki hoto irin wanda aka saba. Ya duba, ya ce:

— Malam, haƙorin can na ƙarshe ne ya kwanta cikin ƙashi. Ga kuma jijiya kusa da saiwarsa. In na taɓa jijiyar wajen cirewa, leɓensa zai iya daina ji. Sai mun ɗauki wani hoto.

— Likita, wannan bai isa ba?

— Bai isa ba. Wannan kamar inuwar tulu ne a jikin bango. Inuwa tana nuna tsawo da faɗi, amma ba ta nuna kauri. Wanda yake son sanin tulu sai ya kewaya shi.

Sani ya tsaya gaban wata na'ura, ya ɗora haɓarsa, bai motsa ba. Hannun na'urar ya kewaya kansa cikin ƙasa da minti ɗaya, yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna. Kwamfuta ta haɗa su wuri guda. Sai ga muƙamuƙin Sani a kan allo. Likita ya juya shi dama, ya juya shi hagu. Suka ga jijiyar ta wuce ta gefe, ba ta manne da saiwar ba.

— Alhamdu lillahi! Yanzu na san inda zan bi.

Halima ta ce:

— Baba, ni ma a ɗauke ni!

Likita ya yi murmushi ya ce:

— A'a, ƴata. Hasken wannan na'ura ya fi na ƙaramin hoto yawa, jikin yara kuma bai son shi da yawa. Ba a yin shi sai da dalili.

Mu riƙe

Wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi a 1895. A 1896 aka fara ɗaukar hoton haƙori da shi. Na'urar da ke kewaya kai ta fito a ƙarshen shekarun 1990, a Italiya da Japan. Hotonta yana nuna tsawo da faɗi da kauri.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Sabha take?
2. Me likita ya ji tsoron taɓawa?
3. Don me aka hana Halima hoto?

Aiki

Ku ajiye tulu a rana. Ku zana inuwarsa, sannan ku kewaya shi. Me kuka gani wanda inuwar ba ta nuna ba?