Yadda Waya Ke Nuna Hanya a Tsakiyar Teku Inda Babu Sabis

Akwai mutanen da gidansu kacokan jirgin ruwa ne mai tafiya da iska. Duk watan Nuwamba wasunsu kan tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa Sant Lusiya, tafiyar kusan kilomita 5,000, mako biyu zuwa uku ba tudu. Da sun yi nisa da gaɓa sabis ya ɗauke, amma wayarsu na ci gaba da nuna inda suke. Ta yaya?

GPS bai dogara da layin waya ko data ba. Taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama su ke turo sigina, wayar ta saurari aƙalla huɗu, ta lissafa wurin da take. Abin da ke cin data shi ne taswirar. Shi ya sa matuƙan ke sauke taswirar teku a manhaja irin Navionics tun suna tashar ruwa. Wanda ya manta, ɗigo kawai zai gani a fili fetal, ga duwatsu ɓoye ƙarƙashin ruwa.

Caji kuwa daga sola ne, saƙo ta Iridium ko Starlink. Masu hankali ba sa rabuwa da taswirar takarda, don ruwan gishiri ba ya raga wa waya.

Kai ma gwada kafin tafiyar ƙauye: buɗe Google Maps, taɓa hotonka, shiga Offline maps, sauke yankin. Sai ka kashe data ka duba.