Kalma da Nahawu a Hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka Kan Karayar Arziki

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya bambanta wata al'umma da wata shi ne yadda take yi da mutumin da bashi ya yi wa katutu har ya kasa biya. A ƙasar Amurka akwai doka ta musamman wadda Majalisar Dokoki ta zartar a 1978, ta kuma yi mata babbar kwaskwarima a 2005, wadda ta ba irin wannan mutum damar kai kansa kotu ya bayyana cewa arzikinsa ya karye. Manufar wannan maƙala ita ce a duba hukunce-hukunce uku da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a kan wannan doka tsakanin 2017 da 2023, domin a nuna cewa a dukkansu ma'anar kalma ko ginin jimla ne ya raba gardama, ba halin ƙuncin da wanda ake bi yake ciki ba.

2.0 Tsarin Dokar a Taƙaice

Hanyoyi biyu ne talaka ya fi bi. A ƙarƙashin Babi na 7, akan naɗa wakili ya sayar da kadarorin da doka ba ta keɓe wa mutum ba, ya raba kuɗin ga masu bin bashi, sa'an nan a sauke masa sauran. A ƙarƙashin Babi na 13 kuwa, mai samun kuɗi a kai a kai yakan riƙe kayansa, ya riƙa biya bisa tsarin da kotu ta amince da shi na shekara 3 zuwa 5. Garkuwa biyu ke kare shi. Ta farko ita ce dakatarwar da sashe na 362 ya tanada, watau da zarar ya shigar da takardarsa, sai masu bin sa su tsaya cik. Ta biyu ita ce sauke bashin a ƙarshe. Tun a 1934 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa manufar irin wannan doka ita ce a ba mutumin kirki wanda tsautsayi ya faɗa wa damar sake sabon lale.

3.0 Ma'anar "Haƙƙin Biya" (2017)

Shari'ar farko ita ce ta kamfanin Midland Funding, wanda sana'arsa sayen tsofaffin basussuka da araha domin ya bi su. Wata mata a jihar Alabama ta nemi kariyar Babi na 13, sai kamfanin ya shigar da takardar neman dala 1,879.71 na bashin katin banki wanda ya haura shekara 10. A dokar jihar kuwa, wa'adin kai ƙara kan irin wannan bashi shekara 6 ne. Lauyanta ya ƙalubalanci takardar, kotu ta yi watsi da ita. Daga nan matar ta kai ƙarar kamfanin bisa wata dokar 1977 da ta hana yaudara da zalunci wajen bin bashi.

Alƙalai 5 suka goyi bayan kamfanin, 3 suka saɓa. Mai Shari'a Breyer ya ce doka ta fassara abin da mai bin bashi zai nema da cewa haƙƙin biya ne, ba ta ce sai haƙƙin da kotu za ta iya tilastawa ba. A Alabama kuma ƙarewar wa'adi ba ta kashe haƙƙin, ƙofar ƙara kawai take rufewa. Ke nan, alhakin tayar da maganar wa'adi yana wuyan wanda ake bi ko wakilin da aka naɗa. Mai Shari'a Sotomayor, wadda ta jagoranci masu saɓawa, ta nuna cewa irin waɗannan kamfanoni suna shigar da matattun basussuka ne da fatan ba wanda zai lura.

4.0 Riƙewa Aiki Ne? (2021)

Shari'a ta biyu ta taso ne daga birnin Shikago, inda hukuma ta kame motocin wasu mutane saboda tarar laifuffukan hanya da ba su biya ba. Suka nemi kariyar Babi na 13, suka ce a mayar musu da motocinsu, birnin ya ƙi. Ƙananan kotuna suka ce birnin ya karya dakatarwar sashe na 362, domin sashen ya hana duk wani aiki na nuna iko a kan dukiyar wanda ake bi.

A watan Janairu na 2021 alƙalai 8 suka soke wannan hukunci baki ɗaya. Mai Shari'a Alito ya auna kalmomin sashen, ya ce dakatarwa da aiki suna nufin hana wani sabon mataki da zai canza yadda al'amura suke, wanda kuwa ya ci gaba da riƙe abin da ke hannunsa tun farko bai aikata kome ba. Ya ƙara da cewa akwai sashe na 542 da ya yi maganar miƙa dukiya, kuma da za a ce sashe na 362 ya wadatar, da wancan ya zama ba shi da amfani. Sotomayor ta yarda da fassarar, amma ta yi tsokaci cewa bin hanyar sashe na 542 kan ɗauki fiye da kwana 100, alhali mutumin da ba shi da mota ba zai je aiki ba, wanda bai je aiki ba kuwa ba zai iya cika tsarin biyansa ba.

5.0 Jimlar da Ta Ɓoye Aikau (2023)

Shari'a ta uku, wadda aka sani da sunan Bartenwerfer, ita ce ta fi kusa da ɗalibin nahawu. Wata mata da mutumin da ya zama mijinta sun sayi gida a San Faransisko domin su gyara su sayar. Mijin ne ya kula da aikin, kuma aka sayar da gidan ba tare da an bayyana wasu aibobinsa ba. Mai saye ya kai ƙara, aka yanke masa diyyar fiye da dala 200,000. Ma'auratan suka nemi kariyar Babi na 7. Kotun karayar arziki ta gano cewa matar ba ta san da zambar ba.

Sashe na 523 ya hana a sauke bashin kuɗin da aka samu ta hanyar zamba. A watan Fabrairu na 2023 alƙalai 9 suka amince da bayanin Mai Shari'a Barrett cewa an gina jimlar ne a sigar da ke ɓoye aikau, don haka abin dubawa shi ne yadda aka samu kuɗin, ba wanda ya yi zambar ba. Mai jin Hausa zai gane wannan nan take idan ya kwatanta "kuɗin da ya samu ta zamba" da "kuɗin da aka samu ta zamba". Jimlar farko ta nuna mutum, ta biyu kuwa ta bar ƙofa a buɗe. Kotun ta kafa hujja da cewa dokar 1867 ta ambaci zambar shi wanda arzikinsa ya karye, amma Majalisa ta cire wannan ƙaidi a 1898. Ta haka bashin ya zauna a wuyan matar. Sotomayor da Jackson sun ƙara bayani cewa a fahimtarsu hukuncin ya shafi abokan tarayya ne da wakilai, ba kowane baƙo ba.

6.0 Kammalawa

Idan aka haɗa hukunce-hukuncen nan uku, za a ga cewa a kowanne wanda ake bi ne ya sha ƙasa, kuma a biyu daga ciki babu alƙalin da ya saɓa. Wannan bai nuna cewa an rushe garkuwar da dokar ta tanada ba. Abin da ya nuna shi ne kotun tana tsayawa inda lafazin Majalisa ya tsaya, ta bar gyara ga Majalisar. Sakamakon haka nauyi ya ƙaru a kan talaka: shi zai binciki shekarun bashin da ake bin sa, shi zai sake shigar da ƙara kafin a ba shi motarsa, shi kuma zai lura da abin da abokin kasuwancinsa yake yi da sunansu.

Akwai kuma darasi ga masu shirin aikin fassarar dokoki da tafinta a kotu. Bambancin "ya" da "aka", wanda akan wuce da sauri a darasin wakilin suna, shi ne irin bambancin da ya ɗora wa mutum bashin dala 200,000. Mai fassarar da ya bayyana aikau inda asalin doka ya ɓoye shi, ko ya ɓoye shi inda aka bayyana, ya canza dokar ne, ko da kuwa Hausarsa ta yi daɗin ji.