Hazo da Hayaƙi da Ciwon Huhu: Darasi ga Hakimai da Malamansu

Kowa ya san da hunturu ya kama, tari yakan yawaita, asibiti ya cika da masu ciwon ƙirji. Jama'a sukan ɗora laifin a kan sanyi kaɗai, amma iskar da ake shaƙa ita ma tana da nata laifin.

A cikin hazo da hayaƙi akwai ƙura mai laushi ƙwarai, wadda kaurin silin gashi ya ninka ƙwayarta wajen sau 30. Hanci ba ya iya tare ta, sai ta zarce can cikin huhu, hanyoyin numfashi su kumbura, majina ta toshe su. Mai lafiya yakan yi tari ya warke. Amma mai asma, da tsohon da huhunsa ya daɗe da ciwo, numfashi yakan gagare su, a ranar ko bayan 'yan kwanaki, har a kwantar da su a asibiti.

Ga abin da ya auku a Landan ta ƙasar Ingila. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952, aka yi sanyi mai tsanani, iska ta tsaya cik, hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin. Asibitoci suka cika. Lissafin farko ya nuna mutum wajen 4,000 sun rasu, binciken baya kuwa ya kai adadin kusan 12,000. Saboda haka a 1956 Majalisarsu ta kafa dokar tsabtace iska.

Mu a nan, yawancin ƙurar hunturu daga Hamada take tasowa, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ba wanda ke da ikon tsai da ita. Amma hayaƙin da muke ƙara mata, wannan aikin hannunmu ne. Don haka ana roƙon kowane hakimi:

1. Ya umarci dagatai da masu unguwanni su hana ƙona juji da robobi cikin gari, da cinna wa daji wuta.
2. Ya gana da sarkin fawa, a daina babbaka da tsofaffin tayoyi.
3. Ran da hazo ya yi kauri a yi shela: tsofaffi da masu asma su zauna ɗaki, maganinsu na kusa. Wanda numfashi ya sarƙe masa a kai shi asibiti nan da nan.

Kai kuma malamin hakimi, buɗe littafi. Kullum ka rubuta ko an tashi da hazo, da inda aka yi ƙone-ƙone. Ƙarshen wata ka nemi adadin masu ciwon ƙirji daga asibiti, ban da sunayensu, ka gwada da naka lissafin, ka kai gaban hakimi. Da wannan zai san unguwar da ya kamata a fara gyarawa kafin wani hunturun.

Allah ya ba mu lafiya, amin.