Darasi: Cire Danƙon Takarda Daga Jikin Roba Ba Tare Da Haɗari Ba

Manufar darasi: mu san robar da ta dace da ruwan sha da abinci, mu kuma koyi yadda za a tsabtace ta da kayan da muke da su a gida.

'Yan'uwa, da wuya a shiga gida a Rikoto ko ƙauyukan da ke kewaye da Zuru a rasa jarka mai lita 25, ko bokitin fenti, ko gorar ruwa da ake zuba kunu da zoɓo. Yawancinsu sun ɗauki wani abu kafin su iso hannunmu, kuma suna zuwa da takarda manne a jiki. In aka ɓare takardar, sai danƙo ya rage. Danƙon nan yana kama ƙurar hunturu, ya yi baƙi, ya jawo ƙuda da tururuwa, ya kuma bi hannun mai ɗiban ruwa zuwa bakin jarka. Cire shi yana da kyau, amma hanyar da mutane da yawa ke bi ta fi danƙon haɗari.

Karanta takarda kafin ka cire ta

Takardar ita ce shaidar abin da robar ta taɓa ɗauka. Da zarar an cire ta, galan ɗin maganin ciyawa da na man girki sun zama ɗaya a ido. Saboda haka kada ka sayi roba a kasuwa in an riga an kankare takardarta, sai dai in ba ruwan sha ko abinci za ka zuba ba.

Robar maganin feshi tana da layi mai launi a ƙasan takardarta: ja, rawaya, shuɗi ko kore. Ja shi ne mafi guba, kuma yana zuwa da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Kore ma ba izinin zuba ruwan sha ba ne. Guba tana shiga cikin jikin roba, ba sabulu ko ruwan zafi da zai fitar da ita duka. A watan Yuli na 2013, yara 'yan makaranta 23 sun mutu a jihar Bihar ta ƙasar Indiya bayan sun ci abincin rana. Bincike ya sami maganin ƙwari mai suna monocrotophos cikin man girkin, kuma hukumomi sun yi zaton an ajiye man ne a mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin.

Ga dokar: robar maganin feshi ba a cire takardarta. A zuba ruwa ya kai kashi ɗaya cikin huɗu, a girgiza, a juye cikin injin feshi. A yi haka sau 3, sa'an nan a huda gindinta don kada wani ya tsinta ya kai gida. Jarkar fetur, kananzir ko baƙin mai, da bokitin fenti, su ma ba na ruwan sha ba ne.

San irin robar da ke hannunka

Juya robar ka duba gindinta. Sau da yawa za ka ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. An fara wannan tsari a Amurka a 1988.

Lamba 1 (PET): gorar ruwa da ta lemo. Ba ta jure zafi. Ruwan da ya kusa tafasa yakan sa ta lanƙwashe.
Lamba 2 (HDPE): jarka da galan. Tana da ƙarfi, amma takan tsotse fetur da kananzir ta riƙe warinsu.
Lamba 5 (PP): bokiti da robar abinci mai murfi. Ta fi sauran jure zafi.
Lamba 6 (PS): kofi da cokali na yarwa. Fetur da tina suna narkar da ita.

Abubuwan da za a guje musu

Fetur da kananzir. Gaskiya ne suna narkar da danƙo da sauri. Amma suna shiga jikin roba, su ba ruwa wari na makonni, kuma tiririn fetur yana kama wuta ko daga nesa da murhu ko fitila.

Tina ta masu fenti da ruwan goge jan farce. Suna dushe fuskar roba, su narkar da wasu, su kuma cutar da ido da numfashi.

Reza, wuƙa, yashi da soson ƙarfe. Suna barin zane a jikin roba. Cikin zanen nan ne datti da ƙwayoyin cuta ke ɓuya inda soso ba ya kaiwa. Mu tuna cewa a 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Jihar Kebbi tana cikin jihohin da ta shafa. Ruwa mai kyau daga famfo yana iya lalacewa cikin mazubi marar tsabta.

Harshen wuta. Kada a kara roba kusa da wuta don a tausasa danƙo. Zafin rana ya isa.

Yadda za a yi

Gam iri biyu ne. Akwai wanda ruwa ke narkarwa, kamar na takarda zalla. Akwai kuma na takarda mai sheƙi da na salatif, wanda ba ya jin ruwa amma yana jin mai. Shi ya sa ake farawa da ruwa, a biyo da mai.

1. Ajiye robar a rana kamar rabin awa. Kama gefen takardar ka ja a hankali. Gaggawa ce ke yaga ta ta bar danƙo da yawa.
2. Jiƙa wurin cikin ruwan ɗumi da sabulu ko omo na minti 30. Ruwan ya zama wanda hannu zai iya jurewa.
3. Kankare da farce, ko bayan cokalin roba, ko tsohon katin roba.
4. In danƙo ya rage, shafa man gyaɗa kaɗan ko man kaɗe. Bar shi minti 15, sa'an nan ka murza da tsumma. Za ka ga yana dunƙulewa yana fita. Manja ma yana aiki, amma yakan rina farar roba.
5. In ya yi taurin kai, kwaɓa man da tokar murhu da aka tankaɗe ta yi laushi, ka goga a hankali a wajen jarka kawai. Kada a sa toka a gora mai haske, don tana dushe ta.
6. Wanke man da sabulu sosai, ka ɗauraye. Man da aka bari yakan yi wari ya kama ƙura.
7. Don cikin jarka, zuba ƙaramin cokali 2 na ruwan bilic cikin lita 1 ta ruwa, rufe, girgiza ya taɓa ko'ina. Bayan minti ɗaya zubar, ɗauraye da ruwa mai tsabta, kife ta bushe. Kada a haɗa bilic da wani sinadarin wanki.
8. Rubuta "RUWAN SHA" a jiki, ko ɗaura zare mai launi a hannunta don wanda bai iya karatu ba.

Amfanin gora mai tsabta

Gora lamba 1 da aka cire wa takarda da danƙo tana iya tsabtace ruwan sha. A cika ta da ruwa garau, a rufe, a kwantar a kan kwanon rufi cikin rana awa 6. In hadari ya rufe sama, a bar ta kwana 2. Hasken rana ne ke kashe ƙwayoyin cuta, don haka takarda, danƙo ko yawan zane suna rage aikin. Gorar kada ta wuce lita 2, kuma ruwa mai laka sai an tace shi tukuna.

In hatsari ya faru

Kada a zuba kananzir ko maganin feshi cikin gorar lemo, don yaro zai ɗauka abin sha ne. In yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Amai yana iya tura kananzir cikin huhu. A cire masa tufafin da suka jiƙe, a kai shi asibiti nan da nan. In maganin feshi ne, a tafi da robar tare da takardarta, don ita ce za ta nuna wa ma'aikatan lafiya irin gubar.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Jarkokin ruwan sha da ke gidanka, ka san abin da kowace ta fara ɗauka?
2. Ina manomanmu suke jefa robar maganin feshi bayan damina? Wa ke tsintar su?
3. Wace alama za mu yarda da ita a ƙauyenmu don bambanta jarkar ruwa da ta kananzir?

Aikin mako: Zumuntar Mata da matasa su zaɓi mutum biyu-biyu su zaga gidaje biyar. Kowa ya fito da robobinsa tsakar gida, a ware na ruwan sha, na wanki, da waɗanda za a huda. A kawo rahoto a taro na gaba.