Darasi na 14: Rugugin gulbi

Wani dare na damina, a Gabi, wani yaro ya farka ya ji ƙasa tana amo: gudum, gudum. Ya tada kakansa.

— Kaka, hadari ya taso!

Tsoho ya fita, ya duba sama, ga taurari. Ya kasa kunne wajen kudu.

— Jikana, wannan ba cida ba ce, rugugin gulbi ne. An yi ruwa can Nijeriya. Maza a kwance bisashen da ke fadama!

Kafin asuba ruwa ya shafe turakun, ya nufi tabkin Madarunfa. Ko akuya guda ba ta salwanta ba, don tsoho ya san bambancin sauti da sauti.

Mu gane

Duk abin da ke ƙara, karkarwa yake yi. In karkarwar tana da sauri, sautin siriri ne. In tana da nawa, sautin kakkaura ne. Fatar tambari faɗi gare ta, shi ya sa amonsa ke da kauri. Makaɗin kalangu kuwa, in ya matse tsarkiya muryar ta hau, in ya saki ta sauka. Kunnen mutum yana jin karkarwa daga 20 zuwa 20.000 cikin daƙiƙa guda. Giwa takan yi kiran da ke ƙasa da 20: ƴan uwanta su ji, mutum bai ji ba.

Kalmomi

cida: ƙugin hadari daga nesa (le grondement du tonnerre)
rugugi: ƙara mai nauyi wadda ba ta yankewa (le grondement)
ruri: kukan zaki (le rugissement)
gurnani: ƙarar maƙogwaron kare in ya fusata (le grognement)
amsa-kuwwa: muryar da dutse ke maidowa (l'écho)
kakkaurar murya (la voix grave)
siririyar murya (la voix aiguë)

Mutanen Sifen ma «grave» suke cewa, don harshensu da Faransanci duka daga Latin suka fito.

Tambayoyi

1. Me ya nuna wa tsoho ba hadari ba ne?
2. Don me amon tambari ya fi na kalangu kauri?
3. Ku yi jimla da «rugugi», ku maida ta Faransanci.